Harlan Brubaker, Mai Kai Gafiya Ƙetaren Kogi

Da safiyar Talata, 14 ga Oktoba, 'yarka Lorraine ta tsallako titi ba ko rigar sanyi a jikinta, ta gaya mini cewa ka rasu a kan kujerarka bayan ka gama shan kofi. Shekararka tamanin da uku. Arba'in da ɗaya daga cikinsu mun yi su muna maƙwabtaka a wannan layi na bayan garin Mifflinburg, kuma ban taɓa jin ka ɗaga murya ba sai idan kana kiran karenka.

Harlan, kowa a coci zai faɗi alherinka. Ni guda ɗaya zan faɗa daga ciki, wanda ya shafi barandata.

Mijina Dale ne ya gina ta da hannunsa, shekara biyu kafin ya rasu. A nan nake zama kowace yamma, kuma ita ce abu na ƙarshe da ya taɓa da guduma. A watan Mayu na shekarar da ta biyo bayan mutuwarsa na ga tulin jar ƙasa a gindin matakala. Gafiyar gona ce, wadda mu nan muke kira alade mai fito saboda ƙarar da take yi idan ta tsorata. Ta haƙa rami a ƙarƙashin ginshiƙin kusurwa, har baranda ta fara karkata. Na sayo siminti, na kwaɓa, ina shirin toshe ramin kowa ya huta, sai ga ka da hularka ta ciyawa.

Ka durƙusa, ka kara kunne a bakin ramin, ka daɗe. Sannan ka ce, “Verna, ajiye bokitin nan. Mai jego ce, akwai 'ya'ya a ciki. In kika toshe yau, su mutu a ƙarƙashin ƙafarki, ita kuma ta fasa wata ƙofar ta ɗaya ginshiƙin. Ki bari sai Yuli.”

Na ce, “Kafin Yuli ai ni da kujerata muna cikin ramin!”

Ka yi dariya, ka tafi, ka dawo da jak ɗin mota da katako biyu, ka tokare kusurwar. Sati bakwai ina zaune a kan baranda mai dogara sanda, ina kallon uwar tana cinye mini wake, ina zaginka a zuciya. Yau na faɗa maka gaskiya, na zage ka sosai.

Da Yuli ya zo, 'ya'yan suka girma suka watse. Ka kawo kejinka na tarko, ka wanke shi don kada uwar ta ji warin mutum, ka sa ɓawon kankana a ciki. Kwana biyu ta shiga. Ka cusa tsohuwar jarida a bakin ramin, ka jira kwana uku ka ga ba wanda ya ture ta, sannan ka cike shi da tsakuwa. Ka binne ragar waya kewaye da barandar, ka lanƙwasa gindinta waje, domin a cewarka gafiya tana haƙa ƙasa amma ba ta da wayon ja da baya. Shekara goma sha shida ke nan, barandar Dale ba ta sake motsi ba.

Haka ka yi wa kusan kowane gida a layin nan. Duk wanda ya tambaye ka ina kake kai su, sai ka ɗora kejin a bayan a-kori-kurarka ka ce, “Ƙetaren kogi.” Muka yarda. Muka kuma mai da kai abin tsokana, domin duk garin ba wanda lambunsa ya kai naka lalacewa. Kabejinka kullum a gatse, wakenka ba ya kai fure. A bikin kaka na coci, ni da bakina na ce mutumin da ya iya ceton lambun kowa ya kasa ceton nasa. Ka ce ƙasarka ce ba ta da kirki.

Ranar Asabar, bayan jana'iza, Lorraine ta ja hannuna zuwa bayan rumbunka, inda gonar ta gangara wajen ɗan rafin nan da ko kaza za ta tsallake. Gangaren duk ramuka ne. Mun ƙirga goma sha tara muka daina. Ta ce, “Anti Verna, ga ƙetaren kogin Baba. Yana zagaya gari da mota ne kawai, ya shigo ta baya.” Muka tsaya cikin baƙaƙen kayanmu muna dariya har hawaye, kuma rabin hawayen nawa na kunya ne. Abin da ka ɗauke mana, kai ka ciyar da shi shekara da shekaru, ka bar mu muna yi maka ba'a.

Lorraine ta tambaye ni ko a cike ramukan. Na ce a bar su. A watan nan suke shiga barcinsu na hunturu, kuma na san abin da za ka ce.

Ina rubuta wannan a kan barandar, tana nan daram. Ba na baƙin ciki irin wanda na zata, domin ka yi tsawon rai, ka tafi ba wahala, ƙoƙon kofinka a gefenka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Lorraine da mijinta Curtis, da ƙanwarka Arlene, da jikokinka huɗu. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, Harlan, ya gafarta maka kurakuranka, har da ƙaryar nan guda ɗaya da ka yi mana. Yadda ka ɗauki waɗannan halittu a hankali ka sauke su kusa da gida, Allah ya sauke ka haka a wurinsa.