Ni Na Zuba Man, Sahabi Ya Sha Zagin

Shekara tara ke nan da muka kai Sahabi makwancinsa a Jabo. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, duk shekara kuma sai in sami uzuri. Bana uzurin ya ƙare mini.

Tare muka yi firamare. Ni na wuce na zama malamin makaranta a Kebbe, shi ya tafi koyon gyaran mota, ya dawo ya buɗe gareji a bakin titin Tambuwal. Lokacin nan ne motocin Kwatano masu giyar atomatik suka fara yawa a yankinmu, kuma kowa, daga mai mota har bakanike, ya yarda cewa man giyarsu iri ɗaya ne: in dai ja ne, a zuba. Sahabi kaɗai ya ƙi. Kafin ya taɓa galan sai ya zaro ƙarfen awon mai, ya goge, ya karanta irin man da aka rubuta a jiki. In babu rubutu, ya ce a kawo littafin mota. In ba shi da irin man, motarka za ta kwana biyu a garejinsa har saƙo ya iso daga Sakkwato, ko da kai wane ne. Direbobi suka sa masa suna Liman, wai ba ya ta da salla sai ya duba littafi. Shi kuwa dariya yake yi, ya ce launin ja rini ne kawai, kama da wane ba ta wane.

Surukina, mahaifin matata, babban dillalin shanu ne a Kebbe. Ba zan kama sunansa ba, domin ko yana raye ban taɓa kamawa ba. Ya sayi wata mota da yake ji da ita, ni na kai shi wurin Sahabi, aka sauya mata mai yadda ya dace. Bayan mako guda ya ba ni aronta in kai iyali ta'aziyya Dogon Daji. Damina ce, hanya ta lalace, ƙasan motar ya bugi dutse. Da muka isa na ga jan mai yana ɗiga. Wani mai tebur a bakin kasuwa ya ɗaure mini tiyon da ke yoyo, ya ɗauko gorar ruwa cike da jan mai, ya rantse shi kowa ke zubawa. Maganar Sahabi ta faɗo mini a rai, wallahi ta faɗo, amma na ce ai kaɗan ne. Gora biyu na zuba da hannuna. Na mayar da mota na yi godiya, ban ce uffan ba, don ta ina zan fara gaya wa suruki na buga masa mota da dutse?

Ba a yi sati uku ba motar ta fara fizga, inji na kuka tana tafiyar hawainiya, daga baya ta ƙi motsi sam. Aka jawo ta Tambuwal ranar kasuwa, ina cikin 'yan rakiya. Alhaji surukin nawa ya tsaya a ƙofar gareji, gaban jama'a, ya ce Sahabi ya karɓi kuɗin mai na gari ya zuba masa jabu. Sahabi ya zaro ƙarfen awon, ya shinshina, ya murza man tsakanin yatsunsa.

"Alhaji, wanga ba man da niz zuba ba na," in ji shi. "An haɗa mai da wani. Wa anka ba motag ga bayana?"

"Ba wanda yat taɓa ta sai ɗana malam, shi ko mi yas sani ga mai?"

Sahabi ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ni kuwa na sunkuyar da kai, irin sunkuyon da ake yabon suruki da shi. Mutane suka ɗauka ladabi ne. Tsoro ne tsagwaronsa, na bar jifa ta wuce kaina ta faɗa kan abokina.

Magana zarar bunu ce, balle ta fito daga bakin mai shanu. Kafin kaka, daga Kebbe har Sanyinna labari ya zama wai Liman da kansa ke cika galan da jabu, duk karatun nan na rufe ido ne. Waɗanda ya taɓa hana su mota kwana biyu suka sami abin faɗa. Gareji ya bushe. Ya kwashe kayan aikinsa ya koma Jabo, yana noman gero, yana gyaran babura da injin ban-ruwa. Shekara uku bayan haka ciwon hanta ya ɗauke shi. Ba zan ce ni na kashe shi ba, ajali na Allah ne. Amma sau biyu na je duba shi, muka yi hirar ruwan sama da farashin taki, na taso.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Motocin sun ƙaru, irin mansu ya ƙaru, akwai kore, akwai ruwan zuma, wasu motocin ma ba su da ƙarfen awon da za a karanta. Yanzu matasan kanikawa na duba lambar mai a waya kafin su zuba, ana yaba musu da wayewa. Abin da aka yi wa Sahabi dariya a kansa ke nan, kuma ba wanda ke tuna shi ya fara. Mai tebur na nan da gorarsa, yana rantsuwa ja dai ja ne, masu digiri na layi suna saye don ya fi araha. In an ambaci Sahabi a tasha kuwa, har gobe akwai mai cewa, "Wanda ya ƙona motar Alhaji?" Abin da garinmu ya adana masa ke nan, kuma yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Alhaji ya rasu bara, bai taɓa jin gaskiya ba. Sai da aka rufe shi na sami bakin magana, ihu bayan hari. Watan jiya na hau babur na tafi Jabo, na sami Hassi, matar Sahabi, tana sussukar gero a tsakar gida. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta ajiye taɓarya ba sai da na kai ƙarshe.

"Malam, ai ya sani tun ranar," ta ce. "Ni nic ce ya tona ka, yaƙ ƙiya. Ya ce in ya yi magana aurenka na mutuwa, ga ɗiya ƙanana. Ya ce duk randa kaz zo da ƙafarka, in ce maka ya yafe."

Na fara kuka, na fara godiya. Ta ɗaga mini hannu.

"Saƙonai na ba ka, na sauke. Nawa daban na. Ɗiyana sun tashi ana ce musu ɗiyan macuci. Ka tai ka faɗi inda anka zage shi, gaban mutane, sannan ka dawo mu yi maganar yafiya."

To, jama'ar Tambuwal da Kebbe, ga shi na faɗa. Sahabi bai taɓa zuba wa kowa jabu ba. Ba shi da gareji yau, ba shi da allo mai sunansa, abin da ya bari shi ne gidana da yake tsaye da 'ya'yana da suka girma a gaban uwarsu, kuma da sunansa ya saya mini su. Ni na zuba man. Allah Ya jiƙan Sahabi, Ya sa ya huta. Ranar kasuwa mai zuwa zan tsaya a inda garejinsa yake in maimaita da bakina, domin yawancin waɗanda suka zage shi ba sa karanta jarida.