Farin Kuregen Gonata

Shekarar da na yi ritaya na sayi 'yar gona a bayan Ƙofar Kware, na shuka gyaɗa. Ba don kasuwa ba. Inna ce haƙoranta suka ƙare, kunun gyaɗa kawai ke shiga cikinta, ni kuma na ɗaura niyyar ta sha na gumina ko sau ɗaya.

Gyaɗa ta fara nuna sai ga kurege, fari fat, idanunsa jajaye. Ban taɓa ganin irinsa ba. Bakina da ba ya riƙe magana ya kai labari majalisa, kafin sati 'yan farauta sun cika min gona da karnuka da gorori. Wai wani ya ce jelar farin kurege maganin farin jini ce. Ba su kama shi ba, amma sun tattake min kunya bakwai.

Na tambayi ƙanwata, malamar kimiyya a makarantar 'yan mata. Ta yi dariya ta ce zabiya ne kawai, kamar yadda ake samu cikin mutane. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da abin a jini yake fitowa, kuma ba su cika yin tsawon kwana ba, don shaho na hango su daga nesa. Bayani mai kyau. Amma na san ba zai kori kare ko ɗaya ba.

Sai na ƙirƙiro nawa. Da babban 'yan farautar ya dawo, na ja shi gefe, na sassauta murya.

"Wanga ba kurege na ba. Jiya ni gane shi tsaye bisa ƙahwa biyu, shina ƙirga karnukanku."

Wallahi har yau ina jin daɗin yadda fuskarsa ta canza. Ya tattara yaransa, ko sallama babu. Na yi kwana uku ina dariya ni kaɗai a gona, kuregen kuma na gefe yana tonon rabonsa. Na bar masa, ai ya yi aiki.

Na cire buhu biyu. Matata ta soya, ta kai niƙa, ta dama kunu mai kauri, na ɗauka da hannuna na kai ɗakin Inna. Ta leƙa kwanon ta ture shi da bayan hannu. Ashe labarin ya zaga gari ya shigo mata ta bakin mai kitso, har an ƙara wa kuregen rawani da carbi.

"Ba ni shan abin gonar mutanen ɓoye," in ji ta.

Na durƙusa. "Inna, ƙarya ta. Ni na shirya ta don in kori karnuka. Zabiya na, ki tambayi ɗiyarki."

Ta daɗe tana dubana. Kunya ta rufe ni, ga furfura a gemuna.

"Kai dai kana so in sha," ta ce. "Ni ban haihi maƙaryaci ba. Abin da kac ce da hwarko shi na gaskiya."

Na rasa ta inda zan ɓullo. In na nace, na ɓata mata ɗanta. In na yi shiru, kunu ya tafi. Na ɗauki kwanon na fita.

Gyaɗar kasuwa ta ci gaba da sha har Allah ya karɓi abinsa da damina ta zagayo. Tawa ko cokali ɗaya ba ta kai bakinta ba.