Jirgin da Ya Ƙi Shiga Akwati

Ban taɓa mantawa da ranar da na rungumi jirgin yaƙi har hannuna ya sage ba. A watana na uku ne a ofishin sayayya na sojan ruwa, ina ƙaramar akawu, tun ba a tabbatar da ni a aiki ba.

Ku da kuka zo kwanan nan, ga yadda tsarin yake. In gwamnati za ta sayi kaya, kowane kamfani yana rufe takardunsa a ambulan ya zura ta tsagar wani akwatin ƙarfe. Ƙarfe goma a buɗe shi a gaban kowa. Abin da bai shiga akwati ba, ba ya cikin takara. Ma'aikaci kuwa in ya karɓi ko da biro daga mai neman kwangila, sai a soke komai, shi kuma a sallame shi. Wannan karon ƙananan jiragen sintiri ake nema, masu tsare ruwan masunta, ni aka sa gadin akwatin.

Tara da 'yan mintoci sai ga Alhaji Seidu, wakilin wani kamfanin ƙasar waje, wanda masallacinsu ɗaya da babana a unguwarmu ta Maamobi. Ya zura ambulan ɗinsa, sannan ya kware wani mayafi. Samfurin jirgin ruwa ne mai dakon jiragen sama, tsawon hannuna, da 'yan jiragensa jere a kai kamar tsuntsaye a kan waya. Na shagala da kallo. Kafin in farga ya ɗora mini shi a hannu.

"Ramatu, ɗiyana, sa wannan ma ciki. Su ga irin aikin da mutanena ke yi."

"Baba Alhaji, ai ba zai shiga ba."

"To aje a teburinki."

"In na aje, na karɓa ke nan."

"Ei! Ni zan ba ki cin hanci? Ni da na ci tuwon sunanki?"

Na miƙa masa, ya maida hannuwansa baya. Wakilan sauran kamfanoni suna kan benci, ɗaya har ya ɗaga waya yana ɗaukar hotona. Shugabana, Kwamanda Owusu, yana taro a sama. Kaina ya ɗaure. Takarda ce wannan, ko kyauta, ko kuwa ajiya? Duk littattafan ƙa'ida da na haddace babu wanda ya yi zancen jirgi. Na rasa inda zan sa shi, don haka na tsaya da shi a ƙirji, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Goma daidai Kwamanda ya sauko. Ya dube ni, ya dubi jirgin.

"Malama Ramatu, yaushe muka sayi wannan? Ina za mu ɗaure shi?"

Aka yi dariya, ban da mai hoton, wanda ya ce ofis ya karɓi kaya ba ta akwati ba, shi zai kai ƙara. Kwamanda ya tambaye ni ko na buga wa jirgin hatimi. Na ce a'a. Ya taɓa tebur? A'a.

"To ofis bai karɓi komai ba. Alhaji, ɗauki jirginka, yarinyar nan ta gaji."

Alhaji ya naɗe kayansa yana gunaguni, aka buɗe akwati. Bayan wata biyu takardar tabbatar da ni ta fito, Kwamanda ya rubuta a ciki cewa ina da natsuwa wajen yanke shawara. Na karanta sau uku. Ni dai na san ban yanke komai ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu wanda zai jefa ki cikin wahala sau da yawa ba mugu ba ne, mutumin unguwa ne mai ƙaunarki. Kuma in kin rasa abin yi, kada ki yi gaggawar sauke abin don hannunki ya huta. Tsaya a inda kowa ke ganinki har babba ya sauko.