Tsibirin Yaya Hamidu

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar yayana, marigayi Alhaji Hamidu, a unguwar Sih ta Madina, ya san ba ya fara labari sai ya tattare jallabiyarsa har gwiwa. Dattijo ne mai furfura, tsohon direban motar alhazai, amma da an idar da la'asar ranar Juma'a sai ya riƙa ɗaga ƙafa a kan busasshiyar darduma yana cewa, "Ku yi hattara, ruwan ya ƙaru yau." To, mun shiga Tsibiri ke nan.

A faɗarsa, Tsibirin yana tsakiyar Bahar Maliya. Wai jirgin ruwan wasu mahajjata daga ƙasar Hausa ne ya lalace a can tun zamanin kakanni, suka sauka su jira gyara, har yau zuriyarsu na jira. Mu da aka haifa ɗaki guda a Madina mun san dalilin wannan ƙirƙira. Jikokinsa suna jin Hausa, amma da Larabci suke amsawa, shi kuwa yana tsoron harshen ya bi shi kabari. Saboda haka sai ya kai labari inda ya fi daɗi, ya tsuke baki.

Suhaila, babbar jikarsa, takan ce, "Wa ba'den, ya jaddi?"

Ya ce, "Wannan tambaya ba ta da izinin zama a Tsibiri. A komar da ita."

Sai ta murguɗa baki ta ce, "Sai me ya faru, Kaka?" Sannan ya ci gaba.

Mutanen Tsibiri babu wanda ya tsira daga bakinsa. Dattawansu sun yi shekaru suna tsine wa injin kwalekwale, daga bisani suka saye shi, amma suka kafa doka cewa ko injin na gudu wajibi ne a ci gaba da tuƙi da filafili, don girmama magabata. Masu kawo ci gaba kuwa suka zo suka auna, suka gano cewa abin da Tsibiri ya rasa shi ne wurin wanka, sai suka katange teku suka gina tafki. Da aka ce al'ada za ta ɓace, aka kafa kwamiti, aka sa wata tsohuwa a ɗakin gilashi tana daka domin baƙi su gani. Turmin babu komai a ciki, gama gari yanzu a leda yake zuwa.

Wata Juma'a ya ba da labarin wani attajirin Tsibiri wanda ba ya jin Hausa a kasuwa, sai an sauke tuwo jinsa ke dawowa. Maƙwabcinmu Alhaji Bukari ya miƙe a fusace.

"Hamidu, da ni kake."

"Subhanallahi. Ka taɓa zuwa Tsibiri?"

"Ban taɓa ba."

"To zauna, miyar kuka ce yau."

Ya kuwa zauna, har ya nemi ƙari.

Mansur, ɗan Yaya Hamidu, wanda ke aiki a matatar mai ta Yanbu, ya taɓa kai mu bakin teku, ya yi hayar ƙaramin jirgi, ya ce yau sai Baba ya nuna mana Tsibirin. Yaya ya dubi jirgin yana rawa a kan ruwa, ya ja da baya, ya riƙe hannuna gam.

Na ce, "Yaya, ba kai ne ke tsallakawa duk mako ba?"

Ya ce, "Isa, ka girma ba ka yi wayo ba. Ta hanyar Sih ake zuwa. Wannan hanyar baƙi ce."

A ciwonsa na ƙarshe ya faɗa mana cewa an cika Tsibiri da dogayen otal-otal har ya fara nutsewa. Muka tambaya da Hausa tsantsa, babba da yaro, ya ƙi ƙarasawa. Ya ce ya gaji, wani ya karɓa. Na fita daga ɗakin ina ganin an gama.

Bayan rasuwarsa da wasu watanni na kai ziyara gidan Suhaila a unguwar Aziziyya, yanzu tana da 'ya'ya biyu. Tun daga ƙofa na ji muryarta tana ba yaran labari. Hausarta tana ɗingishi, Larabci na tallafe da ita, amma Hausa ce. Wai mutanen Tsibiri sun hau saman otal mafi tsawo sun shuka gero, kuma kwamiti na zama a kan ko ya halatta. Na zauna na saurara, ban gyara mata ko kalma guda ba, ni da ba na ƙyale kowa.

Allah Ya jiƙan Yaya Hamidu, Ya yalwata masa makwanci a maƙwabtakar Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya raya waɗanda ya bari, Ya buɗe musu baki da alheri. Amin.