Furar da Yaya Labbo ya sa a dama wa baƙi

Bana shekara shida ke nan da muka rasa Yaya Labbo. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, wani ke rubutawa, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana don ta yi daɗi.

Ƙauyenmu yana can bayan Kebbe, bakin dajin da ya raba jiharmu da maƙwabciyarta. Ba sai na faɗi sunansa ba, babu kowa a cikinsa yanzu. Masu bindiga sun daɗe suna ƙetaro iyaka suna korar dabbobi, muna haƙuri. Da suka fara ɗibar mutane sai muka fito. Bayan kaka ne, rumbuna cike, muka bar su. Kowa ya ɗauki abin da kansa zai iya. Hajo, matar Labbo, ta ɗauki tukunya da goyo. Shi kuwa Labbo ƙaramin damin iri ya ɗauka, zangarniyar geron da yake zaɓa da hannunsa kowace shekara tun tana tsaye a gona. Wanda ba manomi ba ne sai a gaya masa: iri ba abinci ba ne. Ko yunwa ta kwantar da gida ba a taɓa shi.

Muka sauka a wani kango a gefen Tambuwal, mai shi ya ce mu zauna tunda bai ƙarasa ginin ba. Mutanen unguwa sun yi abin da za su iya, amma su ma da nasu bakunan. Kafin zafin bazara ya kama mun koma ci sau ɗaya a wuni. Damin yana rataye a bango, yara suna kallonsa, babu wanda ya miƙa hannu.

Sai aka ce masu taimako za su zo su bi 'yan gudun hijira gida gida, su ga wanda ya fi bukata. Aka ce Shehu ne zai zagaya da su. Shehu ɗan ƙauyenmu ne, maraya, a akushin Labbo ya girma kafin ya yi makaranta ya sami aiki a cikin gari.

Abu ɗaya Labbo ya ji a duk wannan magana: baƙi za su zo. Ya sa aka share kangon har lungu, aka yi wa yara wanka, ya aro riga da tabarma a wurin liman. Sannan ya sauko da damin iri ya kwance, ya ware rabi ya miƙa wa Hajo. Ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, iri ne fa."

"Na sani. Mutane sun taho daga nesa don mu, mu tarbe su da ruwa zalla? Ga Shehu gaba, mu ba shi kunya cikin abokan aiki nai?"

Ta daka. Ta ba wata mai tallar nono kallabinta, aka zuba mata nono. Ni ma ban ga laifin abin ba. Haka muka taso.

Su uku suka zo tare da Shehu cikin farar mota, ɗaya mace ce, ba sa jin Hausa sosai. Suka zauna a tabarmar aro, suka sha fura, suka yaba. Matar ta sa Shehu ya tambaya yadda muke fama da abinci. Labbo ya ce mun gode Allah. Me magidanci zai ce gaban baƙi, 'ya'yansa suna tsaye? Ina kallon Shehu. Na ga ya ɗaga kai ya dubi damin a bango, ya ga an kwance shi, ya ga ƙaiƙayi a gindin turmi. Ɗan manomi ne, ya san abin da yake sha. Ya ƙarasa ludayinsa, ya goge baki, ya ce har yanzu hannun Inna Hajo bai sake ba.

Mutanen kangon da ke kusa da mu sun riga mu fitowa gudun hijira, sun san yadda ake yi. Ba su yi shara ba, sun ɓoye tukwane, sun jera yara a ƙofa. Da motar kaya ta dawo da shinkafa da masara da mai, wurinsu ta tsaya. Ba na jin haushinsu, yunwarsu ta gaskiya ce. Mu aka ce muna da hali.

Na je na sami Shehu a bakin wurin aikinsa.

"Baba Umaru, ba ni ka zaɓe ba. Abin da sunka gani shi sunka ɗauka."

"Kai mi kag gani?"

Ya ce, "In tona asirin Baba Labbo gaban baƙi? Ai ba ya yafe mani."

"Cikin mota fa, da kunka tashi? Labbo na ciki?"

Ya ce ana jiransa a ofis.

Labbo bai taɓa zaginsa ba. Cewa ya yi yaro ne, aikinsa yake tsaro. Sauran rabin irin kuwa ya tafi a kunu, lokacin da autar Hajo ta kwanta ba ta iya haɗiyar komai. Bayan haka wani dattijo a Sanyinna ya ba Labbo aron gona. Ruwan farko ya sauka, ga gona, babu abin shukawa. Labbo ya ce akwai sauran zangarniya a rumbunmu in ba a ƙone shi ba. Na ce kada ya je. Ya ce to in gaya masa abin da yara za su ci baɗi. Na ƙyale shi. Ya hau kabu-kabu har inda masu babur ke tsayawa, ya shiga daji da ƙafa. A hanyar dawowa masu bindiga suka gamu da shi. Masu saran itace ne suka gan shi, suka yi masa sutura a can. Hularsa suka kawo mana, da ƙullin zangarniya da suka samu ɗaure cikin rigarsa.

Shehu ya zo gaisuwa. Hajo ta kawo masa ruwa. Yanzu ya ci gaba, mota gare shi. In ya yi mini sallama nakan amsa, don ita wajibi ce.

Nakan tambayi kaina abin da Labbo zai ce da zai leƙo yau. Har yanzu muna kangon, an dai sa masa kwano. Masu taimako suna zuwa jefi-jefi, masu neman ƙuri'a su ma suna zuwa in lokacinsu ya yi, kowa da wayarsa yana ɗaukar hoto. Mun koyi tarbarsu. 'Ya'yan Labbo sun san ranar da ba a wanka, sun san yadda ake sunkuyar da kai in an ɗaga waya. Ba ƙarya muke ba, yunwar tana nan, amma sai mun baje ta a fili kamar kayan kasuwa ake yarda da ita. Ina jin da ya gani ba zai yi faɗa ba. Zai dube ni ne kawai, ya fita. Ni kuma sai in ce masa da buhun masu taimakon nan aka raya autarsa.

Masu bindiga sun ƙwace mana ƙauye, wannan kowa ya sani, kuma su ba su taɓa cewa namu ba ne. Abin da aka ƙwace mana a cikin gari shi ne ba a faɗa. Waɗanda suka zo da sunan taimako sun koya mana cewa mai rufa asirinsa ba ya samu. Baƙin ba su sani ba, na yi musu uzuri. Wanda ya sani yana zaune kusa da su, da furarmu a cikinsa.

Me ya rage na Labbo? Kabarinsa ban taɓa gani ba. Amma zangarniyar nan da aka kawo, na shuka ta a gonar aro a shekarar, ta yi. Tun daga nan kowace kaka nakan bi gona in zaɓi iri yadda yake yi, in ɗaure in rataye a bangon nan. Hajo kuma ba ta bar shara ba, kullum safe sai ta share kangon kamar gidanta na can.

Sai dai ranar da aka ce farar mota na tafe. Ranar nakan sauko da damin in tura shi cikin randa in rufe, don in sun gani za su ce abinci ne. Sannan in miƙa wa Hajo hannu. Takan ba ni tsintsiyar, mu zauna cikin datti mu jira baƙi.

Allah ya jiƙan Yaya Labbo. Bai kai ranar da zai koyi wannan ba.