Gudun Jinin Matovu

Shekara goma sha ɗaya Nalubega ta yi a ɗakin na'urar maganaɗisu, a wani asibiti a Kampala, tana auna gudun jini a zukatan mutane. Za a zura mutum cikin bututun na'urar mai ƙara, ita kuwa tana bayan gilashi tana cewa, "Riƙe numfashi." Har ita ma takan riƙe nata, abokan aiki suna yi mata dariya.

Aikin yana da ƙa'ida. Kafin a auna, sai ka faɗa wa na'urar iyakar gudun da kake zato. In jinin ya zarce haka, baƙin tabo ya fito a tsakiyar farin hoto, sai ka ƙara iyakar. Ƙofar zuciya kuwa, iya tsukewarta iya gudun jinin, kamar ka danne bakin tiyo da yatsa. Ya wuce mita huɗu a daƙiƙa, magana ta lalace. Nalubega ba ta cika kuskuren zato ba. Tafiyar mutum kawai take kallo. Kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa sakamako ba. "Likita zai yi bayani," shi ke nan.

Ranar wata Talata aka kawo yayanta Matovu, mai sayar da ayaba, wanda ya raine ta bayan rasuwar iyayensu. Haki yake yi, amma bakin nan bai mutu ba.

"Ke 'yar boko, yau ni za ki cusa a tanda?"

"Yaya, kwanta ka yi shiru."

Ta sa mita biyu, alhali ta ga yadda ya hau matakala da ƙyar. Tabo ya fito. Ta sa uku, ya sake fitowa.

"Sau nawa zan riƙe ne?" in ji shi ta lasifika. "Ko yau kika fara aikin?"

Ta sa huɗu. Wayyo, tabon yana nan! Sai a biyar hoton ya wanke. Tsoro ya kama ta.

Da ya fito yana ɗaura agogo, ya dube ta yana murmushi.

"To, ƙanwata, yaya?"

"Likita zai yi bayani."

Matovu ya daina murmushi. Ya san ba ta taɓa ɓoye masa komai ba.

"Ni ma sai na jira likitan?" ya ce a hankali.