Langar Inna da Sabon Titi

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna, in ba ka labarin uwar mijina da wata langa mai murfi. Ni ba mai fita ba ce, duniyata daga murhu sai bakin zaure, amma Allah ya ba ni kunne. Ƙauyenmu yana kan hanyar da ta taso daga Gwaram ta nufi Basirka, titin ya raba mu biyu. A da ina tsakar gida ina tankaɗe nakan ce ga bas ɗin Birnin Kudu nan ta dawo, tun ba ta karyo kwana ba, don salansarta tari take yi kamar mai mura.

Uwar mijina, wadda muke kira Inna, Bafillatana ce, tana da aminiya a tsallaken titi, kowa Goggo yake ce mata. A damina ɗaya aka kawo su garin nan suna amare, tun daga lokacin suke ciyayya: kullum da yamma Inna ta zuba abin da aka dafa a gidanmu a langa ta kai wa Goggo, ta dawo da na gidansu. Ba yunwa ake yi ba, kowane gida da rumbunsa. Da tsufa ya zo, ya kama Goggo a ƙafa, ba ta wuce dakalin ƙofar gidansu. Ita kuwa Inna a kunne ya kama ta, ya kuma lanƙwasa mata baya. Ba ta yarda a aiki kowa da langar nan, don ba tuwon ne ke kai ta ba, hirar ce.

Yadda Inna take tsallake titi kuwa, ba ta duba gabas ba ta duba yamma. Ta riƙe langa a hannun hagu, ta ɗaga na dama sama, ta shiga. Kuma ba abin da ya taɓa samunta, domin tsohon titin duk ramuka ne, mota rarrafe take yi, direbobin kuma 'ya'yan nan kusa ne, na Maruta, na Dingaya, kowa ya san ta. Wani ya leƙo ya ce, "Inna, yau me aka tuƙa?" Ta ce, "Abin da matarka ba ta iya ba. Ja akwalarka ka ba ni wuri."

Sai aka fara aikin titi. Mun yi murna, wallahi, don mun sha ganin mai naƙuda ta galabaita a hanya kafin a kai ta asibiti. Katafila ta zo ta kankare tsohuwar kwalta, aka jera ganguna, aka rufe gefe ɗaya, mai zuwa da mai dawowa duk suka koma bi ta gefe guda. Tifofi suka fara zirga-zirga da marmara da tsakuwa tun daga hantsi har faɗuwar rana. Nan da nan na koyi muryoyinsu: wadda ta ɗauko kaya nishi take yi, wadda ta sauke kuwa ƙarafunanta ke kaɗawa, kuma ita ce abin tsoro, don ita ke gudu. Direbobinsu baƙi ne, ba wanda ya san wata Inna.

Ran nan bayan la'asar na zuba tuwon dawa da miyar karkashi, na ɗora man shanu, Inna ta ɗauka ta fita. Ina wanke muciya sai na ji ta: tifa marar kaya, daga wajen kwana. Na ji burki, doguwar ƙara har cikin haƙorana. Sannan na ji murfin langa yana gangarawa a kan tsakuwa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, ya yi juyi ya kwanta. Ban san lokacin da na fita ba, ko mayafi babu.

Inna na zaune a ƙasa, hannunta na dama har yanzu a sama. Tayar motar ta tsaya daf da ƙafarta, langar kuwa ta lotse a ƙarƙashi. Direban ya diro yana ta "Innalillahi, Baba, ba ki ji hon ba?" Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ba ka ga hannuna ba? Ɗan wane ne kai?"

Mutane suka yi dariya, irin dariyar da ake yi da hawaye. Maigidana bai yi ba. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, shi ma bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, don Allah, don Annabi, kin gama tsallake titin nan." Ta kawar da kai ta ce da ni, "Ke 'yar nan, gaya wa wancan na ji."

Ta ji ɗin. Ta daina fita, ta kuma daina cin abin kirki. Da yamma sai ta zauna a zaure tana kallon ganguna. Aka gwada aika wata langa ta hannun maza masu zuwa masallaci, ta dawo cike da abincin Goggo, Inna ta buɗe ta rufe. Ina ganin zanenta yana ƙara yi mata yawa.

Wata yamma, tsakanin wucewar tifa da tifa, na jiyo murya siririya daga tsallake. Goggo ce a kan dakalinta tana kwaɗa kira: "Ina Bafillatanar nan? Ko ta koma daji wajen shanu ne?" Inna na kusa da ni, ba ta ji komai ba. Na sa baki a kunnenta na maimaita mata. Sai na ga fuskarta ta buɗe. Ta ce, "Gaya mata miyarta ta jiya ko akuya ba ta sha." Ni da ko maƙwabta ba su san ƙarfin muryata ba, na tsaya a bakin zaure ina zagin miyar tsohuwa da iya ƙarfina.

A ranar na ce da maigidan, "Malam, ita tana da ido, ni ina da kunne. Ka bar ni in riƙa kai ta." Ya ce, "Ki riƙe mata hannun nan da take ɗagawa."

Haka muka yi har aikin ya ƙare. Maƙerin garinmu ya bubbuge langar ta miƙe, sai dai murfin bai ƙara zama daidai ba. Mu tsaya a bakin ganguna, in saurara, in na ji kwana shiru sai in ce, "Mu je, Inna." Goggo na hango mu ta fara: "A'a, yau har da 'yar rakiya? Sarauta aka ba ki?" Inna ta ce, "Ke dai da kike zaune kamar turmi, matsa." Su yi ta yi, ni ina gefe ina tsince musu zogale.

Na ɗauka in aka gama titi mun huta. Ashe ba haka ba. Aka shimfiɗa kwalta sumul, aka kwashe ganguna, tifofi suka tafi. Sabon titin ba ya magana. Ƙananan motoci sukan zo fuu, kafin kunnena ya kama su sun wuce. Ranar farko muka tsaya a bakinsa, hannun Inna cikin nawa, na kasa cewa mu je. Har aka kira magariba muna tsaye. Muka juya gida da tuwonmu ya huce.

Washegari ina shara na jiyo kukan awaki, amma da wani irin amo, kamar daga cikin randa. Na bi sautin. Ashe babban kwalbatin da aka yi a kan kwarin bayan gidanmu ne, awaki sun riga kowa ganewa, suna bi ta ƙarƙashin titi su ɓulla tsallake. Busasshe ne, yashi ne kawai a ciki. Na gaya wa Inna, ta ce, "Ni? Hanyar awaki? Allah ya sawwaƙe." Da la'asar ta yi na ga ta yafa mayafi ta ɗauki langa ta nufi kwarin, na bi bayanta.

Ni sai da na sunkuya sosai, har na bugi goshi. Inna kuwa ta shige a yadda take, bayanta ya yi daidai da wurin kamar an auna. Motoci na wucewa a kanmu, ta waiwayo ta ce, "Kin gani? Ashe Allah tanadi ya yi mini da ya lanƙwasa ni." Da muka ɓullo, Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki, tana cewa yau gafiya ta kawo mata tuwo. Ranar Inna ta cinye nata tas, har ta sa na ƙara mata.

Tun daga nan ta ƙarƙashi muke bi. Sai dai jiya na jiyo tsawa can nesa ta gabas, kuma kwarin nan in ya kawo ruwa ba ya barin ko akuya. Maza sun je wajen dagaci a roƙa mana tudun nan da ake yi a kan titi don mota ta rage gudu, an ce za a duba. Inna ba ta ji tsawar ba, ni kuma ban gaya mata ba tukuna. Kai da ka zauna ka saurare ni, in ruwa ya cika kwalbatin, ta ina zan bi da ita?